Ayaba, Rake, Gwaza ko Jema: Me Ya Dace da Kusurwar Gida Mai Danshi?

Da wuya a sami gida ko lambu da ba shi da wani lungu da ruwa ya fi so. A wani gidan bayan makewayi ne, inda ruwan wanka yake fita ta rariya; a wani kuma ƙarƙashin indararo ne, ko gindin famfo, ko wata kusurwa da ƙasa ta ɗan yi kwari har ruwan tsakar gida duka yake gangarawa can idan an yi ruwan sama. Wasu sukan bar wurin haka nan ya zama taɓo da matattarar sauro, wasu kuma sukan ga danshin su yi murna, su dasa duk abin da suke marmari bisa zaton cewa shuka ba ta ƙin ruwa. Ni ma na taɓa yin wannan zato. Na dasa gwanda biyu da zogale a kusurwar gidanmu ta yamma, suka yi kyau tun daga bazara har farkon damina, gwandar ta kai kafaɗata har ta fara fure. Da marka ta kankama a watan Agusta, ruwa ya kwana biyu a wurin bai janye ba, sai na wayi gari na tarar ganyen gwandar ya yi yaushi ya rataya kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Bayan mako guda na danna gindinta da yatsa ya lotsa, yana wari. Zogalen ya ɗan jure, amma shi ma ganyensa ya yi rawaya ya zube.

Dalilin haka shi ne saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan kafofi da iska take zama a ciki, kuma idan ruwa ya cike su ya daɗe bai janye ba, saiwar takan shaƙe ta fara ruɓewa, daga nan ta kasa jan ruwan da take tsaye a cikinsa. Shi ya sa shukar da ruwa ya yi wa yawa take yin yaushi tamkar wadda ƙishirwa ta kama, har mai ita ya ruɗe ya ƙara mata ruwa. Tsirran da suke rayuwa a dausayi suna da wasu hanyoyin iska a cikin kara da saiwa, waɗanda suke kai numfashi daga ganye zuwa ƙasa. Duk wanda ya taɓa yanka karan ganyen gwaza ya ga yadda cikinsa yake kamar soso, to ya ga waɗannan hanyoyin da idonsa.

Kafin a yi maganar abin da za a dasa, ya kamata mutum ya san irin danshin da yake fama da shi, domin ba duka ɗaya ba ne. Akwai wurin da ruwan damina kawai yake kwanciya, daga Yuli zuwa Satumba, sannan da rani ya bushe ya tsattsage har fartanya ba ta shigarsa. Wannan shi ne ya fi wahalar sha'ani, domin abin da za a sa a wurin dole ya jure ambaliya ta wata biyu ko uku, ya kuma jure fari na wata bakwai. Akwai wurin da ruwan amfanin gida yake jiƙawa kullum, rani da damina, ba shi da zurfi amma ba ya yankewa. Akwai kuma gefen fadama, inda ruwan yake tasowa daga ƙasa, ana tona kamu biyu ko uku a same shi. Hanya mafi sauƙi ta gane halin ƙasar ita ce a haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, a sake cikawa, sannan a duba. Idan ya shanye cikin 'yan sa'o'i, wurin mai danshi ne kawai, kuma abubuwa da yawa za su yi. Idan an kwana an wuni ruwan yana nan, to laka ce ko marmara a ƙasa, zaɓin kuma ya ragu ƙwarai.

A irin wurin da ruwa yake kwana bai janye ba, akwai waɗanda ya kamata a cire su daga lissafi tun farko. Gwanda ita ce ta fi kowa rauni, domin kwana ɗaya ko biyu a cikin tsayayyen ruwa ya isa ya kashe ta. Zogale, da darbejiya, da aguwa, da bini-da-zugu, duk 'yan tudu ne, kuma duk da suna yi mana shinge mai kyau a jigawa, a taɓo ruɓewa suke yi. Lemun zaƙi da lemun tsami sukan kamu da ciwon gindi, a ga ɓawon yana tsagewa yana zubar da ƙaro. Rogo kuwa saiwarsa ce abin ci, kuma ita ce take fara lalacewa.

Abin da ya fi zuwa a ran mutane idan an ce wuri mai ruwa shi ne ayaba, kuma da gaskiyarsu, sai dai akwai sharaɗi. Ayaba tana shan ruwa da yawa, faffaɗan ganyenta yana fitar da shi sama duk wuni, saboda haka babu abin da ya kai ta busar da wurin da ruwan wanka ko na alwala yake malala kullum. Amma son ruwa daban, jure nutsewa daban. Yawancin saiwoyinta suna cikin rabin mita na saman ƙasa, masu taushi ne, kuma idan ruwa ya tsaya a kansu kwana biyu zuwa uku sukan fara mutuwa, ganyen ƙasa ya yi rawaya, iska kaɗan ta kayar da ita. Saboda haka ba a cikin kwarin ake dasa ta ba, a bakinsa ake dasawa. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce a haƙa rami mai faɗin kamar mita biyu, zurfinsa ya kusa mita ɗaya, a tara ƙasar da aka fitar a kewayen bakinsa ta zama tudu, a cika ramin da karan dawa da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, a karkato da ruwan ya riƙa zuba a ciki, sannan a dasa 'ya'yan ayaba huɗu ko biyar a kan tudun. Gindin yana sama a bushe, saiwar tana miƙawa ƙasa ta sha abin da take so, ruwan kuma yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda sauro ba zai kai gare shi cikin sauƙi ba. Wajen zaɓar ɗan da za a dasa, a nemi mai kaurin gindi da siririn ganye mai tsini kamar takobi, a bar mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami, domin wannan ba shi da ƙarfin gindi. Daga dashe zuwa nunar nonon farko akan ɗauki shekara guda ko ɗan fiye da haka. Uwar da ta haihu ba ta sake haihuwa, sai a sare ta a jefa gangar jikinta cikin ramin, a bar 'ya ɗaya da jika ɗaya a kowane gindi, a cire sauran.

Aibin ayaba a ƙasarmu shi ne hunturu da bazara. Iskar hunturu tana yayyaga ganyenta ta busar da gefensa, kuma idan ruwan ya yanke a watan Maris ko Afrilu takan tsaya cak, ta fitar da ƙaramin kai marar auki. Don haka wanda danshin wurinsa na damina ne kawai, kuma ba shi da halin ban ruwa da rani, kada ya wahalar da kansa da ita. Ba ta kuma son gishiri, wanda yake nufin ruwan wanki mai yawan omo zai ƙona bakin ganyenta sannu a hankali.

Rake ya fi ayaba haƙuri da tsayayyen ruwa. Da zarar ya yi tsayi ya kafu, ruwa zai iya kwanciya a gindinsa na kwanaki bai mutu ba, yakan ma fitar da wasu saiwoyi daga gaɓoɓin da ruwan ya taɓa. Wannan ne ya sa ya zama amfanin fadama tun kaka da kakanni, kuma duk wanda ya bi ta ƙasar Maƙarfi a jihar Kaduna ya ga fadamun rake da wuraren dafa mazarƙwaila ya san haka. Dasa shi ba wuya: a yanko kara mai gaɓa biyu ko uku masu lafiyayyen ido, a kwantar da shi a kan kunya a rufe da ƙasa kaɗan. Abin lura shi ne ƙaramin tsiro bai da wannan juriya, idan ruwa ya rufe yankan kafin ya tsiro ruɓewa zai yi, saboda haka a dasa shi da wuri kafin marka. Yakan ɗauki wata goma zuwa shekara kafin ya yi zaƙi sosai, kuma zaƙin yana taruwa ne idan ƙasa ta fara bushewa da kaka, wanda ya sa raken da yake tsaye cikin ruwa kullum yakan yi tsayi da kauri amma ya yi lami.

Idan aka ɗora su a ma'auni, a cikin gida na fi karkata ga ayaba, a bayan gida ko lambu kuma rake. Ganyen rake yana da kaifi da ƙaiƙayi, yana yankar yara, busasshen ganyensa yana taruwa a gindi ya zama maɓoyar ɓeraye, inda ɓera yake kuwa maciji ba ya nisa. Ayaba tana ba da inuwa mai sanyi, ana iya share gindinta a gan shi fili. Amma inda ruwa yake kwanciya kwana uku ko huɗu a jere, rake zai tsaya a inda ayaba za ta faɗi.

Gwaza kuwa shi ne ɗan gida a cikin taɓo, kuma shi ne amsar tsakiyar kwarin, inda sauran ba za su iya zama ba. Sai dai a nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Iri biyu ne suke yawo a kasuwanninmu, sunayen gwaza da makani kuma suna musanya a tsakaninsu daga gari zuwa gari, saboda haka suna ba zai raba gardama ba, ganye ne zai raba. A ɗaga ganyen a duba inda karan ya kama shi. Idan karan ya shiga ta cikin faɗin ganyen, ɗan nesa da inda ya tsage, ganyen kuma yana sunkuyar da kai ƙasa kamar garkuwa, wannan shi ne mai jure ruwa, wanda a wasu ƙasashen Asiya da tsibiran tekun Pasifik ake noma shi cikin ruwa kamar shinkafa. Idan kuwa karan ya kama ganyen daidai bakin tsagar, ganyen yana da kunnuwa biyu masu tsini kamar kan kibiya, wannan na asalin Amurka ta Kudu ne, yana son danshi da inuwa amma tsayayyen ruwa yana ruɓar da shi. Mutane da yawa sun dasa na biyun a cikin kwari suka ce gwaza bai karɓi wurinsu ba, alhali iri ne ba su dace da shi ba.

Gwaza yana da wata fa'ida da rake da jema ba su da ita, wato yana jure inuwa, don haka yana zama lafiya a ƙarƙashin ayaba ko a gefen katangar da rana ba ta daɗewa. Yakan nuna cikin wata shida zuwa goma gwargwadon iri, kuma wannan ya sa ya dace har da wurin da damina kawai take jiƙawa, muddin laka ce mai riƙe danshi zuwa kaka: a dasa da ruwan farko, a haƙe idan ganye ya yi rawaya, a ajiye ƙananan 'ya'yan a inuwa don baɗi. Ɗanyensa, ganye da saiwa, yana da ƙaiƙayi mai tsanani a baki da maƙogwaro saboda wasu ƙananan allurai da ke cikinsa, dole sai an dafa shi sosai, kuma a gidan da ake da masu rarrafe wannan abin dubawa ne. Akwai kuma cutar ƙunar ganye da ta bayyana a Najeriya a shekarar 2009, ta bazu a Kamaru da Gana, ta yi wa manoman gwaza ɓarna mai yawa. Tana farawa da ɗigo mai ruwan kasa a ganye, ya faɗaɗa har ganyen ya narke, kuma ta fi tsanani a lokacin da ake yawan ruwa da raɓa. A ƙaramin wuri maganinta shi ne a riƙa cire ganyen da ya kamu da wuri a binne shi nesa, a kuma bar tazara tsakanin shuke-shuken domin iska ta ratsa.

Wajibi ne in tsaya a kan wane irin ruwa ne yake jiƙa wurin, domin shi ne zai yanke hukunci a kan abin da za a ci. Ruwan alwala da na gindin famfo su ne mafi tsabta, kowane abu zai iya sha. Ruwan wanka yana biye. Ruwan wanke-wanke yana ɗauke da maiƙo da guntun abinci, yana toshe ƙasa ya jawo ƙuda, ruwan wanki kuma yana tara gishiri har a ga farin abu kamar kanwa a saman ƙasa da rani. Ayaba da gwaiba 'ya'yansu suna sama, ba sa taɓa ruwan, saboda haka da sauƙi. Gwaza kuwa abin cinsa yana kwance a cikin ruwan ne, don haka a wurin ruwan wanka da wanki a ɗauke shi a matsayin ado da mai shan ruwa kawai, kada a kai shi tukunya. Idan kuma danshin daga masai ko sokawe yake tsattsafowa, to wannan ba aikin shuka ba ne, aikin magini ne, kuma babu abin ci da ya kamata a dasa a wurin har sai an gyara.

Jema ita ce wadda aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce ta fi kowa cancanta a wurin da yake ambaliya da damina ya ƙeƙashe da rani. Ciyawa ce ta bakin fadama da muka sani tun da daɗewa, ana saƙa zana da faifai da ita, saiwarta mai ƙamshi kuma ana jefa ta a randa. 'Yar'uwarta ta ƙasar Indiya ita ce Bankin Duniya ya yayata tun a shekarun 1980 don hana zaizayar ƙasa, kuma halinsu kusan ɗaya ne. Saiwar jema ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nufa kai tsaye, tana iya kai mita biyu zuwa uku ko fiye, ta yi cunkus kamar raga. Wannan ya ba ta abu uku a lokaci guda: tana jure ruwa ya rufe ta na makonni, tana jure fari domin tana sha daga zurfi, kuma tana huda ƙasa mai tauri ta buɗe wa ruwa hanyar nutsewa. Tun da saiwar ba ta tafiya gefe, ba ta fasa daɓe ko tushen gini, ba ta kuma ƙwace abincin maƙwabtanta. Ana dasa ta ne ta hanyar tsaga gindi: a raba shi ƙanana, kowane da tsiro biyu ko uku, a datse ganyen ya rage kamar santimita 20, a jera su a layi da tazarar santimita 10 zuwa 15. Cikin damina ɗaya ko biyu layin zai haɗe ya zama shinge mai tace ruwa, yana tare yashi da shara, yana rage wa ruwan gudu.

Rauninta uku ne. Ba ta son inuwa ko kaɗan, a ƙarƙashin bishiya takan sirance ta ɓace, saboda haka a sa ta ta gefen da rana take bugawa. Sannan ba ta ba da abin ci, kuma idan an bar ta ta yi tsayi ta bushe da rani tana iya kama wuta, don haka a riƙa yanke ta zuwa gwiwa sau biyu a shekara, abin da aka yanka kuma a zuba a ramin ayaba ko a yi jinka da shi. Wasu sukan so su maye gurbinta da ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, tun da sun yi kama a ido. Ciyawar shayin tana son danshi, tana da amfani a buta, amma saiwarta gajera ce kuma gindinta yana ruɓewa idan ruwa ya tsaya, saboda haka wurinta shi ne kan tudu, ba bakin ruwa ba.

Ga wanda yake son ƙaramin itace mai rassa, wanda zai yi shinge ko ya rufe wani lungu, zaɓin yana tsakanin shuwaka da lalle da gwaiba. Shuwaka ce ta fi dacewa da danshi mai ɗorewa. A daji ma a bakin rafi aka fi samunta, tana kamawa daga yankan reshe cikin 'yan makonni, tana kai mita biyu zuwa uku ko fiye idan an bar ta, kuma yawan tsinkar ganyenta don miya shi ne yake sa ta yi rassa ta cika. Tana jure jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma ita ma ta fi son a ɗaga mata gindi a kan kunya. Lalle yana son zafi da rana, yana amsa ban ruwa da kyau, yana kuma yin shinge mai kauri da furanni masu ƙamshi da daddare, sai dai ya fi son ƙasar da take jiƙa ta bushe, ba wadda take jiƙe kullum ba. Saboda haka a wurin ruwan wanka na kullum shuwaka ta fi, a gefen wurin da damina take jiƙawa rani ya busar kuwa lalle ya fi, domin shuwaka takan zubar da ganye idan fari ya yi tsanani.

Gwaiba ta bambanta da su domin ita bishiya ce ƙarama, kuma a cikin itatuwan marmari da muke dasawa a gida tana cikin waɗanda suka fi jure ambaliya ta ɗan lokaci, tana kuma jure rani idan ta kafu. Inda gwandata ta mutu, gwaiba na sa daga baya a kan ɗan tudu mai tsayin kamu ɗaya, kuma ta wuce damina da yawa, har da shekarun da ruwa ya kwana uku a kewayenta. Takan fara 'ya'ya a shekara ta biyu zuwa ta huɗu. Matsalarta ita ce ƙudan da yake sa mata tsutsa, wanda ake rage shi ta hanyar tsince duk wadda ta faɗo a binne, da kuma inuwarta, wadda za ta hana jema da rake sakewa idan wurin ƙarami ne.

Masu son fure suna da gwangwama, wato shukar nan mai ganye kamar na ƙaramar ayaba, mai jan fure ko rawaya da baƙaƙen 'ya'ya masu tauri. Tana rayuwa da gindinta a cikin ruwa marar zurfi, ba ta damuwa da ruwan sabulu sosai, kuma tun da ba cin ta za a yi ba, ita ce ta fi dacewa da bakin rariyar wanki. Na'a-na'a ma yana son danshi da 'yar inuwa, amma yana yaɗo ya mamaye wuri, kuma tun da ganyensa yana kwance a ƙasa ana kuma tsinkarsa kai tsaye zuwa shayi, kada a sa shi sai inda ruwan yake da tsabta.

Akwai masu ba da shawarar a dasa bishiyar turare, wai tana shanye ruwa. Gaskiya ne tana sha, domin irin da aka fi dasawa a Arewa asalinsa daga bakin kogunan Ostireliya yake, inda ambaliya take rufe gindinsa. A babban fili ko gefen gona tana da amfani, tana ba da itacen gini da na wuta. A cikin gida kuwa ban ga dalilinta ba: tana yin tsayin da ya fi ƙarfin gida, tana yar da manyan rassa ba zato, saiwarta tana bin danshi har cikin bututu da rijiya, kuma kaɗan ne abin da yake yin kyau a ƙarƙashinta. Haka ma ceɗiya da durumi da ɓaure, inuwarsu ba ta da na biyu a ƙofar gida ko dandali, amma saiwarsu tana ɗaga daɓe ta tsaga katanga. Wanda yake da fili a fadama kuma yana son bishiyar ƙasarmu da ruwa ba ya kashewa, giyayya ce ta saba tsayuwa cikin ambaliya wata da watanni. Abin da zan roƙi kowa ya nisanta shi ne kachala, doguwar ciyawar nan da take tsirowa cikin ruwa. Tana da kyan gani a bakin ruwa, amma mutanen Hadeja da Nguru sun san abin da ta yi musu bayan da madatsun ruwa na Tiga, wanda aka kammala a 1974, da na Challawa, a 1992, suka sauya yadda kogin yake cika da janyewa: ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi. Irinta yana tashi a iska, saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ta kafu fitar da ita aiki ne ja.

Duk abin da aka zaɓa, a bar tazarar aƙalla mita biyu tsakaninsa da katanga, musamman ta ƙasa, domin shuka da ciyayin da aka tara a gindinta suna riƙe danshi, katangar kuma tana tsotsa daga ƙasa har ta fara zubar da yaɓe. Kada kuma a ɗauka cewa shuka za ta maye gurbin magudana. Sauro yana kammala girma daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa biyu, saboda haka duk ruwan da yake tsayawa a fili ya wuce kwana huɗu ko biyar yana buƙatar a yanka masa hanya ya fita, ko a cike wurin da ɓaraguzai da yashi. Ita kanta ayaba da gwaza suna tara ɗan ruwa a hammatar ganyensu, wanda ya sa yake da kyau a riƙa cire tsofaffin ganyaye.

Idan za a tambaye ni a taƙaice, ga wurin da ruwan wanka da alwala yake jiƙawa kullum zan haƙa ramin ayaba, in sa gwangwama ko gwaza a bakin ramin ta ciki inda ya fi jiƙa, shuwaka ɗaya ko biyu a bayan tudun. Ga kwarin da damina kawai take cikawa zan kewaye shi da jema ta gefen da ruwa yake shigowa, in dasa gwaiba ɗaya a kan tudu, in noma gwaza a tsakiya shekara-shekara. Ga gefen fadama kuwa rake a ƙasa, ayaba a inda ya ɗan ɗaga. Lokacin dashe a dukansu shi ne farkon damina, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni gwargwadon yadda ruwa ya sauka a yankin, domin saiwa ta sami mako shida zuwa takwas ta kama ƙasa kafin ruwan Agusta ya zo. Wanda bai tabbatar da iyakar inda ruwan yake kaiwa ba, ya haƙura da daminar bana, ya fita bayan kowane babban ruwa ya kafa 'yan turaku a bakin inda ya tsaya, ya kuma lura da kwana nawa yake yi kafin ya janye, sannan da rani ya yi tudu da rami a kan wannan alama.